Kacici-kacicin Sararin Samaniya: Wace Hanya Ce Ta Dace da Ajinku?

A manhajar kimiyya ta ƙaramar sakandare akwai darussan da ba su da abin taɓawa: matsayin duniya a sararin samaniya, rana da duniyoyin da ke kewaya ta, husufi, ƙarfin jan ƙasa, kumbo da tauraron ɗan'adam. In darasin tsirrai ne, sai a tsinko ganye a bayan aji. Nan kuwa babu mai tsinko duniyar Mushtari ya ajiye wa yaro a kan benci. Shi ya sa malamai da yawa a Katsina da Daura ke komawa ga kacici-kacici, kuma sun yi daidai, don abin da ɗalibi ya wahala ya lalubo daga kansa ya fi zama a ƙwaƙwalwa a kan abin da ya yi ta maimaita karantawa.

Sai dai sunan kacici-kacici ya lulluɓe hanyoyi biyar da ba su yi kama da juna ba. Malamin da ke da ɗalibai 80, minti 40, da ɗan abin da shugaban makaranta ya iya warewa, dole ya ɗauki ɗaya ko biyu ya bar saura.

Ma'aunan da za a auna da su

Na farko, wanda ya fi sauran nauyi: yara nawa ne ke amsa kowace tambaya. Amfanin tambaya yana komawa ne ga wanda ya yi tunanin amsarta. Wanda ya zauna yana jiran zaƙaƙurin aji ya ɗaga hannu, ɗan kallo ne kawai.

Na biyu, ko malami yana iya ganin kuskuren da ke cikin kawunan yara. A ilimin samaniya kurakuran sanannu ne, kuma kusan iri ɗaya ne daga aji zuwa aji: cewa inuwar duniya ce ke rage wata ya zama jinjiri, cewa zafin bazara kusantar rana ne, cewa 'yan sama jannati na shawagi saboda babu jan ƙasa a can. Hanyar da ba ta fito da waɗannan fili ba, za ta bar su a inda suke har bayan jarrabawa.

Sai kuɗi. A nan da kaya za a ƙirga, takarda nawa, maka nawa, wayoyi nawa, tunda farashin kasuwa ba ya kwana inda ya wuni. Sai sauƙi, wato lokacin da shiri ke ci da irin rikicin da ke tashi a aji. Sai haɗari.

Ƙarko kuwa iri biyu ne, kuma ana yawan manta na biyun. Akwai ƙarkon kayan aiki, akwai ƙarkon amsa. Har zuwa 2006 amsar "duniyoyi nawa ke kewaya rana?" tara ce. A watan Agustan shekarar ƙungiyar masana falaki ta duniya ta fitar da Fuluto daga jerin, amsa ta koma takwas, amma har gobe akwai tsofaffin littattafai a kabad ɗin makarantu masu cewa tara. Watannin da ke kewaya duniyar Zuhal da aka sani 146 ne a 2023, zuwa Maris 2025 sun kai 274. Tambayar da amsarta ke sauyawa irin haka sai an rubuta mata shekara.

Tambayar kanta

Kowace hanya kuka ɗauka, tambaya mara kyau za ta ɓata ta. Tambayoyin suna da shekara suna da wurinsu: harba Sputnik 1, tauraron ɗan'adam na farko, a ranar 4 ga Oktoba 1957, tashin Yuri Gagarin, mutum na farko a sararin samaniya, a ranar 12 ga Afrilu 1961, saukar Apollo 11 a kan wata a Yulin 1969, tauraron ɗan'adam na Najeriya NigeriaSat-1 da aka harba daga Rasha a Satumban 2003. Jarrabawa na kawo su, yara kuma na son su. Amma in suka haura kashi ɗaya cikin uku na tambayoyinku, hadda ce ake yi.

Tambayar da ke aiki ita ce mai jingina da abin da yaro ya sani. "Wanne ya fi kusa da Katsina, Kano ko sararin samaniya?" Yawancin masana na ɗaukar kilomita 100 a sama a matsayin iyaka, hanyar Kano kuwa ta haura kilomita 150. "Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, daƙiƙa nawa za ta yi daga Katsina zuwa Daura?" Tana gudun kimanin kilomita 7.7 a daƙiƙa, tsakanin garuruwan kuma kusan kilomita 80 ne, don haka kimanin daƙiƙa 10. "Me ya sa azumi ke matsowa da kwana 11 kowace shekara?" Wata na cika zagayen kamanninsa a kwana 29 da rabi, sha biyunsa kwana 354 ke nan, shekarar rana kuwa 365.

A kula da Hausar tambaya. Rana tana nufin abu biyu, wata ma haka, duniya tana ɗaukar tamu da sauran bakwai, tauraro kuma ya haɗa mai hasken kansa da mai aron haske irin Zahra. "Wata kwana nawa ne?" tana da amsa huɗu: 29 ko 30 a lissafin Musulunci, 28 zuwa 31 a na Bature, 29 da rabi daga tsayuwa zuwa tsayuwa, 27 da ɗoriya in zagayen da yake wa duniya ake nufi. A gasa, irin wannan ce ke kawo musu. Haka nan a guji cewa "maganaɗisun ƙasa" in jan ƙasa ake nufi, ko da ana jin haka a rediyo. Yaro zai tambaya me ya sa yake jan itace alhali maganaɗisu ba ya kama itace, kuma shi ke da gaskiya.

Hanya ta farko: tambayar baka, rukuni da rukuni

A raba aji huɗu, a ja layi huɗu a allo don maki, malami ya riƙa jefa tambaya. Alli kawai take ci, kuma babu abin lalacewa sai takardar tambayoyin. Shirinta bai wuce rabin awa ba. Yara na jin daɗinta, aji na ɗaukar zafi.

Ga lissafin rauninta. Cire minti 10 na jera benci da tsawatarwa, saura 30. Kowace tambaya da amsarta da ɗan bayani minti ɗaya da rabi, tambaya 20 ke nan. Ko da kowace ta faɗa kan mutum daban, 20 cikin 80 ne suka buɗe baki. A zahiri kuma biyu ko uku ne ke riƙe kowane rukuni, masu kunya, musamman 'yan mata a ajin da ke gauraye, sun lafe. Malami zai fita yana jin darasi ya shiga, alhali amsoshin yara goma ya ji.

Akwai gyara mai sauƙi. Kowane ɗan rukuni ya sami lamba. A yi tambaya, a ba su daƙiƙa 40 su haɗa kai, sannan a kira lamba, mai lambar ne kaɗai zai amsa. Tunda ba wanda ya san wa za a kira, zaƙaƙurin dole ya koya wa na kusa da shi. A wannan tsarin rukunin kada ya wuce mutum takwas, wato aji mai 80 ya zama rukuni goma maimakon huɗu, in ba haka ba na gefe ba ya jin abin da ake faɗa.

Gasar dandali tsakanin gidajen makaranta yayar wannan ce. Tana cin hayar rumfa da kujeru da lasifika da kyaututtuka, kuma in gidaje huɗu ne kowanne ya kawo wakilai uku, mutum 12 ne ke amsawa, ɗaruruwa na kallo. Tana ɗaga sha'awa, tana jawo hankalin iyaye, amma ba ta koyar da aji.

Hanya ta biyu: katin zaɓi a hannun kowa

Kowane ɗalibi ya sami farar takarda ɗaya mai girman A4. A ninke ta biyu, a sake ninkewa, a buɗe, a rubuta manyan haruffa A, B, C, D da maka, ɗaya a kowane gida. In da hali kowane harafi da launinsa, don daga gaban aji launi ya fi saurin ƙirguwa. Aji mai 80 takarda 80, rim ɗaya mai 500 ya ishi aji shida, maka huɗu kuma sun gama aikin.

Yadda ake yi: a rubuta tambaya da zaɓi huɗu a allo. Minti ɗaya shiru, ba shawara. Malami ya ƙirga uku, kowa ya ninke takardarsa yadda harafin da ya zaɓa zai fito, ya riƙe a ƙirji. A ƙirji fa, kada a ɗaga sama, don na baya kada ya kwafi na gaba. Malami ya share aji da ido. In fiye da kashi 70 cikin 100 sun dace, gajeren bayani sai a wuce. In ƙasa da kashi 30 ne, darasin bai shiga ba, a sake shi ta wata fuska. In tsakani ne, nan ne daɗin yake: kada a faɗi amsa, a ce kowa ya nemi wanda ya saɓa masa su yi gardama na minti biyu, sannan a sake ɗagawa. Sau da yawa zagaye na biyu na karkata ga daidai, domin yaron da ya gane yanzu-yanzu ya fi malami tuna inda abin ke ɗaure kai. Wani malamin fiziya a Jami'ar Harvard, Eric Mazur, shi ya yaɗa wannan tsari tun farkon shekarun 1990, kuma ba ya buƙatar wuta ko intanet.

Ƙarfin hanyar yana cikin zaɓuɓɓukan ƙarya. Kowanne ya zama kuskuren da yara ke yi da gaske. Misali: "A wane wata duniya ta fi kusantar rana? A: Afrilu. B: Yuli. C: Janairu. D: nisan ba ya sauyawa." Ɗan Katsina da ya sha zafin Afrilu zai ruga ga A. Amsar C ce: farkon Janairu, tsakiyar hunturu, nisan kimanin kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuma miliyan 152. Daga nan ƙofar bayanin karkacewar duniya da digiri 23.5 ta buɗe da kanta. Ko kuma: "Me ya sa mutanen da ke tashar sararin samaniya ke shawagi?" Masu cewa babu jan ƙasa za su yi yawa, alhali a tsayin kilomita 400 jan ƙasa yana nan kusan kashi 90 cikin 100. Su da tashar faɗuwa suke yi tare, suna kewaya duniya duk minti 90 ko makamancin haka.

Rauninta uku. Rubuta tambaya ɗaya mai kyau na iya cin minti 15, kuma a darasi ɗaya huɗu zuwa shida kawai za a iya yi. Canki-canka ma na nan: da zaɓi huɗu, in duk aji suka yi shaci-faɗi, 20 cikin 80 za su dace. Maganinsa a riƙa nuna wanda ya dace a ce ya faɗi dalili. Takardar kuma ba ta wuce zango ɗaya in yara ke tafiya da ita gida, wasu ma kafin mako sun ƙunshe ƙosai da ita. A karɓe bayan darasi a ɗaure da roba. Ranar da babu takarda, yatsa ɗaya zuwa huɗu a ƙirji na yin aikin, sai dai ƙirgawa ta fi wuya daga benci na shida zuwa baya.

A ganina wannan ce ta fi kowace dacewa da ajin gwamnati mai cunkoso, da tazara mai yawa.

Hanya ta uku: katunan tambaya a gwangwani

Tambaya a gaba, amsa da dalili a layi ɗaya a baya. A4 ɗaya na ba da kati huɗu, don haka kati 120 takarda 30 ne. A kasa su ƙunshi goma, sha biyu-sha biyu, kowane rukuni na mutum takwas ya ɗauki ƙunshi ɗaya, mako-mako a riƙa musanyawa. Ga kulob ɗin kimiyya ko ɗalibi ɗaya mai shirin jarrabawa, a samo gwangwani uku. Duk kati na farawa a na ɗaya, wanda ake dubawa kowane zama. Wanda aka amsa daidai ya hau na biyu, na mako-mako, in aka sake dacewa ya hau na uku, na wata-wata. Wanda aka faɗi, ko daga ina yake, ya dawo na ɗaya. Da haka lokaci na tafiya kan abin da bai zauna ba.

Takarda zalla zango ɗaya take yi, kwali shekara, in an yi laminatin kuwa shekaru, amma kuɗin laminatin na kati 120 ya ninka na takardar sau da yawa. Abokan gabarsu gara da danshin damina, sai a ajiye su a bokitin roba mai murfi, kada a ƙasa. A rubuta shekara a kusurwar duk katin da amsarsa ke iya sauyawa.

Sun fi kowace hanya kyau ga sunaye da adadi: jerin duniyoyi takwas da sunayensu na littafi da na Larabci da mutanenmu suka sani, Uɗaridu, Zahra, Mirrihi, Mushtari, Zuhal, minti 8 da daƙiƙa 20 da hasken rana ke yi kafin ya iso, tauraron sadarwa na Najeriya NigComSat-1 da aka harba daga Sin a 2007 ya lalace a 2008, aka maye shi da NigComSat-1R a Disamban 2011. Haɗarinsu karatun aku, kuma malami ba ya jin abin da ke gudana a rukuni goma lokaci guda. In yara ne suka rubuta katunan, wanda abu ne mai kyau, kada ko ɗaya ya shiga gwangwani malami bai duba ba. Amsar ƙarya da aka maimaita sau goma ta fi rashin sani wuyar cirewa.

Hanya ta huɗu: waya da kwamfuta

Kahoot!, manhajar wasan tambayoyi ta intanet, na buƙatar allon da kowa ke gani, wato majigi ko babbar talabijin da wutar da za ta riƙe su, sannan waya ko kwamfuta mai intanet ga kowane ɗalibi ko kowane rukuni. Inda akwai ɗakin kwamfuta da sola, yana armashi, kuma yana adana sakamakon kowa. Amma yana ba da maki ne gwargwadon sauri, don haka mai saurin karanta Turanci da mai kyakkyawan sabis su ke yin gaba, ko da wani ya fi su fahimta. In sabis ya yanke a tsakiyar wasa, minti goma sun tafi wurin sake shiga. Makarantu da yawa ma sun hana ɗalibai zuwa da waya.

Plickers, wata manhajar ta waya, ya fi kusa da halinmu. Waya ɗaya ce, ta malami. Kowane ɗalibi na da bugaggen kati mai baƙin zane, ya juya shi yadda harafin da ya zaɓa zai kasance a sama, malami ya zagaya aji da kyamara, wayar ta ƙirga. Haruffan ƙanana ne, maƙwabci ba ya iya kwafa, kuma ana sanin wane ne ya zaɓi me. Katunan ba sa wuce 63, don haka a aji mai 80 sai an haɗa wasu bibbiyu. Yana son intanet, yana son haske. Ajin da tagoginsa ke rufe saboda ƙurar hunturu, ko katin da aka yi wa laminatin mai sheƙi, kyamara na kasa karantawa. A sa lambobin yara a manhajar maimakon cikakkun sunayensu.

Ƙuri'ar WhatsApp lokacin hutu tana da araha, sai dai kowa na ganin inda jama'a suka karkata kafin ya zaɓa, kuma ɗan gidan da babu babbar waya an bar shi a baya.

Babban haɗarin wannan hanya tambayoyin da aka kwaso daga intanet. Akasarinsu an rubuta su ne don yaran Amurka da Ingila: nisa da mil, yanayi huɗu da babu hunturu da damina a ciki, rana wai kullum tana kudu da tsakar rana. Kayan aikin da ya fi amfani a nan shi ne Stellarium, manhaja ce kyauta da ke aiki a kwamfuta ba tare da intanet ba. A saita wuri a Katsina, a sa kwanan wata da lokaci, a tabbatar da amsa kafin a kai ta aji.

Hanya ta biyar: a yi hasashe, a fita a gani

A nan tambaya ɗaya ce ke cin darasi guda. Kowa ya rubuta hasashensa a littafi da biro, don kada a goge, sannan a fita fili.

"In ƙwallon ƙafa ce duniya, yaya girman wata, kuma a ina zai tsaya?" Yawanci za su ajiye shi taku ɗaya ko biyu. Ƙwallo na da faɗin santimita 22, wata zai zama lemo mai santimita 6, nisansa kuwa mita 6 da rabi, wato faɗin duniya sau 30. Sai a juya: in ƙwallon ce rana, duniya ƙwayar gero ce mai milimita 2 a nisan mita 24, Mushtari kamar ɗan kanya a mita 123, duniya ta takwas kuma tana can mita 700 da wani abu, bayan katangar makaranta. Tauraro mafi kusa bayan rana zai kasance a nisan fiye da kilomita 6,000, kusan zuwa Makka da dawowa. Zanen da ke cikin littafi, inda duniyoyi ke jere kamar tumatir a faifai, ba ya sake yaudarar wanda ya taka wannan da ƙafarsa.

"Ana ganin wata bayan rana ta fito?" Tsakanin 21 da 23 ga watan Musulunci, lokacin taron safe, yana nan sama ta yamma. Yaro ya tsaya cikin rana, ya miƙa lemo saitin watan. Ɓangaren lemon da rana ta haska zai yi daidai da siffar watan, kuma babu inuwar duniya a ko'ina. Gani ya kori ji.

"Akwai ranar da sanda ba ta da inuwa?" Katsina da Daura na kan digiri 13 arewa, rana na bi ta tsakar ka sau biyu a shekara, wajen 24 zuwa 25 ga Afrilu da 18 zuwa 19 ga Agusta, da misalin ƙarfe 12:30. Ta Agusta na faɗawa cikin dogon hutu da hadari, ta Afrilu ce abin dogaro, kuma ko an yi saɓanin kwana uku inuwar sanda mai mita ɗaya santimita biyu ce ko makamancin haka. A kafa taɓarya a daɓe mai laushi, a gwada miƙewarta da zare mai dutse a ƙasa, don in ta karkace gwajin ya lalace. Tsakanin waɗannan ranaku biyu inuwar tsakar rana kudu take faɗawa. A ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, agogon Najeriya, rana na saman Ka'aba, don haka layin inuwar sanda shi ne layin alƙibla. Wannan tambaya iyaye ma na shiga cikinta.

Kuɗinta ƙwallon makaranta, lemo, gero, zare da tef na awo. Amsoshinta ba sa tsufa. Wahalarta riƙe yara 80 a fili, da jiran ranar da sama ta yarda: hazo daga Disamba zuwa Fabrairu, gajimare a damina. Oktoba da Nuwamba su ne sama ta fi wankewa. Makarantar jeka-ka-dawo kada ta tara yara da dare, a ba su aikin gida bayan magariba a tsakar gidansu: su nemo Kaza da 'Ya'yanta, ko tauraron arewa da ke tsaye kimanin dunƙulen hannu ɗaya da ɗan ƙari sama da ƙasa.

Haɗari ɗaya a nan ba na wasa ba ne: ido. Ba a kallon rana kai tsaye, ko da baƙin tabarau, ko fim ɗin hoton asibiti, ko gilashin da aka turara da hayaƙi, ko ta cikin kwanon ruwa. Ƙunar da take yi wa cikin ido ba ta da zafi a lokacin, sai daga baya. Manyan da suka ga duhun husufin 29 ga Maris 2006 da hantsi za su ba yara labari, kuma a ranar 2 ga Agusta 2027 wani zai ratsa Masar da Makka, mu nan mu ga ɓangare. A huda kwali da allura a jefa hoton rana a farar takarda, ko a duba ɗigon haske a ƙarƙashin itacen bedi, kowanne zai koma siffar jinjirin wata.

A jadawali

| Hanya | Kayan aiki ga aji mai 80 | Ƙarko | Sauƙi | Masu amsawa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Tambayar baka | alli | babu abin lalacewa | mafi sauƙi | 10 zuwa 20 | 'yan kaɗan su mamaye |
| Katin zaɓi | takarda 80, maka 4 | zango ɗaya | rubuta tambaya na cin lokaci | kowa | canki-canka |
| Katunan gwangwani | takarda 30 ko kwali | zango zuwa shekaru | shiri sau ɗaya | kowa, bi da bi | hadda, amsar ƙarya |
| Kahoot! | majigi, wuta, wayoyi, data | ya danganta da wuta da sabis | sai an saba | masu waya | sauri ya danne fahimta |
| Plickers | waya 1, data, kati 63 | shekara in kwali ne | matsakaici | har 63 | duhun aji, yankewar sabis |
| Hasashe da gwaji | ƙwallo, lemo, zare, tef | amsa ba ta tsufa | sai an tsara kalanda | kowa | kallon rana, hazo |

Wa ya dace da wace

Ajin gwamnati mai 70 zuwa 100, babu wuta: katin zaɓi a kowane darasi, tambaya huɗu, sannan gwajin fili sau biyu a zango. Wannan haɗin ya isa ɗaukar babin gaba ɗaya.

'Yan aji uku masu fuskantar jarrabawar kammala ƙaramar sakandare: katunan gwangwani daga farkon zango na biyu, minti goma a ƙarshen darasi, da katin zaɓi don saba wa tsarin A zuwa D.

Makarantar kuɗi mai ɗalibai 30 zuwa 40 da sola: Plickers don darasin yau da kullum, tunda yana nuna wanda ke baya da lambarsa a rajistar malami, Kahoot! kuma sau ɗaya a ƙarshen babi.

Firamare da Islamiyya: tambayar baka mai kiran lamba, da Hausa, a fara da abin da suke gani, jinjirin wata, gamzaki, tauraro mai wutsiya, sannan gwajin lemo da na alƙibla.

Makarantar kwana: ita kaɗai ke da dare a hannunta, don haka hanya ta biyar ta zama uwa, minti 20 bayan isha sau ɗaya a mako a Oktoba da Nuwamba.

Shugaban makarantar da ke son taro: gasar dandali a Makon Sararin Samaniya na Duniya, 4 zuwa 10 ga Oktoba, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana a 1999. A zaɓo wakilai daga sakamakon katin zaɓi na azuzuwa, a ba alƙalai amsoshi a rubuce kafin a fara, sannan a raba wa 'yan kallo tasu takardar A zuwa D, duk bayan tambaya biyar a jefa musu ɗaya, makin ya tafi gidansu.